Bayani Kan Zaɓen DNS Domin Kallon Talabijin ta Hanyar Intanet

A 'yan shekarun nan kallon talabijin ta hanyar intanet ya shiga garuruwa da ƙauyukan jihar nan fiye da yadda aka zata. Masu gidajen kallo da dama sun haɗa akwatunansu da rauta, matasa suna bin wasannin ƙwallon ƙafa da finafinan Hausa a wayoyinsu, da azumi kuwa ana sauraren tafsiri kai-tsaye daga masallatai masu nisa. Ma'aikatan ƙananan hukumomi su ma sukan bi taruka da jawabai ta wannan hanya. Sai dai koke ɗaya ne ya fi yawa a bakin jama'a, wato hoto ya tsaya cak ana tsakiyar kallo, wani ɗan zobe yana ta juyawa a fuskar talabijin, alhali kuwa an sayi data da kuɗi.

A irin wannan hali ne akan samu wanda zai ba da shawarar cewa a canza DNS. Wani zai aiko da lambobi ta WhatsApp, wani mai gyara kuma ya karɓi kuɗin aiki ya shigar da su, tare da alkawarin cewa daga yau hoto ba zai sake tsayawa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ƙarin gishirin da ke cikinta ya fi yawa, kuma a wasu lokuta akwai haɗari ga dukiyar mutum. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin abin da DNS yake yi, da abin da ba zai iya yi ba, da kuma yadda za a zaɓe shi cikin natsuwa.

Mene ne DNS?

Kowace na'ura da ke kan intanet tana da adireshi na lambobi, kuma da waɗannan lambobi ne na'urori suke gane juna. Mu 'yan Adam kuwa sunaye muke iya riƙewa. Saboda haka dole a samu tsarin da zai riƙa juya suna zuwa lamba, kuma wannan tsari shi ake kira DNS. A farkon zamanin intanet, jerin sunaye guda ɗaya ake ajiyewa a wata cibiyar bincike da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, kowa yana kwafa daga can. Da na'urori suka yi yawa abin ya gagara, sai wani masani mai suna Paul Mockapetris ya tsara DNS a shekarar 1983, kuma a kan wannan tsari ake tafiya har yau.

Wanda ya san tsarin sarautunmu na gargajiya ba zai sha wahalar fahimtar yadda yake aiki ba. A ce baƙo yana neman gidan wani mutum a masarautar da bai sani ba, sai ya tura ɗan aike. Ɗan aiken zai fara da fada, a can ba su san gidan ba amma sun san hakimin da ke riƙe da gundumar. Hakimi zai tura shi wurin dagaci ko mai unguwa, shi kuma mai unguwa ya ce ga gidan nan. Haka abin yake a intanet. A matsayin fada akwai tushen tsarin, wanda yake da sunaye 13 daga harafin A zuwa M, hukumomi 12 ne ke kula da su, kuma an baza kwafinsu fiye da dubu a sassan duniya. A ƙarƙashinsu akwai masu kula da ƙarshen suna, kamar .com ko .ng. Na ƙasarmu, wato .ng, yana hannun ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005. Daga nan sai kwamfutar kamfanin da ya mallaki sunan, ita ce mai unguwar da ke ba da amsa ta ƙarshe.

Kwamfutar da ke yin wannan zirga-zirga a madadin mai kallo ita muka kira ɗan aike, kuma ita ake nufi idan an ce a canza DNS. Idan mutum bai taɓa komai ba, kamfanin layinsa, ko MTN ne ko Airtel ko Glo ko wani, shi ne yake ba shi ɗan aike kai-tsaye ba tare da ya sani ba. Ɗan aiken yakan riƙe amsar da ya samo na wani ɗan lokaci, domin idan wani ya sake tambayar wannan suna ya ba shi nan take.

Abin da ba zai iya yi ba

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura sosai. Ɗan aike adireshi kawai yake kawowa, ba shi ne yake ɗauko kaya ba. Tambayar da talabijin ke tura masa da amsar da yake mayarwa ba su fi ɗan gajeren saƙon waya girma ba, kuma yawanci ana gamawa cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Da zarar an samu adireshin, hoto da sauti suna zuwa ne kai-tsaye daga rumbun kamfanin da ke watsa shirin, su bi ta wayoyin ƙarƙashin ƙasa, su hau ƙarfen sabis, sannan su sauko kan rauta ko waya. Ɗan aike ba ya cikin wannan tafiya.

Nauyin kayan kuwa ba ƙarami ba ne. Kamfanin Netflix, alal misali, yana ba da shawarar gudun megabit 3 a kowace daƙiƙa domin hoto mai matsakaicin kyau, megabit 5 domin hoto mai tsabta sosai, da megabit 15 domin mafi girman inganci. A wurinsu kallon awa ɗaya na hoto mai tsabta yana iya cinye har gigabait 3 na data. To, mai gidan kallon da ya kunna akwatuna uku kowanne yana neman megabit 5, yana buƙatar megabit 15 da ba ya yankewa. Idan layin da ke garinsa megabit 6 yake iya bayarwa da daddare, babu lambar DNS a duniya da za ta cike masa giɓin.

Abubuwan da suka fi jawo tsayawar hoto a yankunan karkara sanannu ne: nisa daga ƙarfen sabis, cunkoson masu amfani da ƙarfe ɗaya tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare, ɗaukewar wuta ko ƙarewar mai a injin ƙarfen, yankewar wayar ƙarƙashin ƙasa a wurin aikin hanya, da kuma haɗa wayoyi goma ko ashirin a kan rauta ɗaya. Sau da yawa, ɗaga rautar zuwa kusa da taga, ko sanya mata eriya a saman rufi, ko rage ingancin hoto daga 1080 zuwa 480, ya fi canza DNS amfani nesa ba kusa ba. Haka kuma muna jaddada cewa DNS ba ya ba da data kyauta, ba ya kuma rage yawan datar da kallo ke ci. Duk wanda ya ce zai sayar da lambar da ke yin haka, damfara ce.

Inda zaɓen yake da tasiri

Duk da haka, ba za mu ce zaɓen ɗan aike ba shi da amfani ba. Manyan kamfanonin watsa shirye-shirye ba sa ajiye finafinansu a wuri guda. Suna da rumbuna masu yawa a ƙasashe daban-daban, wasu a Legas, wasu ma a cikin gine-ginen kamfanonin layi, wasu kuma an haɗa su da cibiyar musayar intanet ta ƙasa, wato IXPN, wadda aka kafa a 2006 domin saƙon da ya tashi daga Najeriya zuwa Najeriya ya daina zagayawa ta Turai. Suna ɗaya na iya samun adireshi da yawa, kuma wasu kamfanoni sukan duba inda ɗan aiken yake zaune ne kafin su yanke shawarar rumbun da za su nuna masa. Idan ɗan aiken yana Najeriya, sai a ba shi rumbun gida. Idan kuwa yana Landan ko Farankfot, ana iya zaton mai kallon ma a can yake, sai a tura shi rumbun Turai, kayan su riƙa ƙetaro teku alhali akwai irinsu a kusa.

Muhimmancin rumbun gida ya fito fili a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Intanet ta yi rauni a Najeriya da Gana da Kodebuwa da wasu ƙasashe, har hada-hadar wasu bankuna ta tsaya. A rana irin wannan, abin da ke ajiye a cikin gida ya fi saurin samuwa a kan wanda sai an ƙetara teku.

Domin magance matsalar nisan ɗan aike, an fito da wata dabara wadda aka rubuta ƙa'idarta a 2016, inda ɗan aiken yake gaya wa mai rumbu wani ɓangare na adireshin mai tambaya, yadda za a gane yankinsa ba tare da an gane na'urarsa ba. Ɗan aiken kamfanin Google yana yin haka. Na Cloudflare ba ya yi, saboda a ganinsu hakan yana rage sirrin mutum, sai suka dogara da baza na'urorinsu a birane da yawa, har da Legas. Ya kamata kuma a sani cewa ba kowane kamfani ne yake dogara da ɗan aike wajen zaɓen rumbu ba. Netflix yana duba adireshin mai kallon ne da kansa, don haka canza DNS ba ya sauya masa komai sosai.

Daga wannan bayani za a ga dalilin da ya sa muke ganin cewa ga mafi yawan jama'a, ɗan aiken kamfanin layinsu ya wadatar, domin shi ne ya fi kusa, kuma shi ya fi sanin rumbunan da ke cikin gidansa. A bar shi sai idan ya nuna gazawa. Alamar gazawarsa kuwa daban take da ta raunin sabis. Idan shiri yana ɗaukar lokaci kafin ya fara, ko talabijin ta ce ba ta samu tashar ba, amma da ya fara sai ya tafi sumul, ko kuma saƙonnin WhatsApp suna shiga amma shafuka sun ƙi buɗewa, to akwai dalilin zargin ɗan aike. Idan kuwa shirin ya fara da wuri amma yana tsayawa a tsakiya, ko hoton yana dushewa, matsalar ta hanya ce.

Sanannun 'yan aike na kyauta

Idan buƙatar canji ta taso, akwai 'yan aike na kowa da kowa waɗanda sanannun kamfanoni ke gudanarwa ba tare da karɓar ko kwabo ba. Na Google ya fara aiki a watan Disamba na 2009, lambobinsa 8.8.8.8 da 8.8.4.4. Na Cloudflare ya fito a ranar 1 ga Afrilu, 2018, da lambobi 1.1.1.1 da 1.0.0.1. Akwai Quad9, wata gidauniya da ba ta neman riba, wadda ta fara a 2017 kuma ta koma ƙasar Suwizalan da zama a 2021. Lambarta 9.9.9.9, kuma abin da ta yi fice a kai shi ne ƙin bayar da adireshin shafukan da aka san na 'yan damfara ne ko masu yaɗa cutar kwamfuta. Tana da wata lambar, 9.9.9.11, wadda ke yin wannan tacewa tare da gaya wa mai rumbu yankin mai kallo, abin da ke iya taimakawa wajen kallo. Sai kuma OpenDNS, wanda ya girme su duka, domin tun 2006 yake aiki, kamfanin Cisco ya saye shi a 2015, lambobinsa 208.67.222.222 da 208.67.220.220.

Ga iyaye da shugabannin makarantu da masu kula da ɗakunan karatu, akwai wani amfani da muke ganin ya fi batun gudu muhimmanci. A 2020 Cloudflare ya ƙara lambar 1.1.1.3 da abokiyarta 1.0.0.3, waɗanda ke toshe shafukan batsa da na cutar kwamfuta. OpenDNS ma yana da irinsu, wato 208.67.222.123 da 208.67.220.123. Idan aka sanya su a rautar gida ko ta makaranta, duk na'urar da ta hau kanta za ta bi wannan tacewa. Amma kada a ɗauka an gama tarbiyya da wannan. Tacewar tana aiki ne a kan sunan shafi gaba ɗaya, ba ta iya bambance bidiyo mai kyau da marar kyau a cikin shafi guda, kuma yaro mai wayo yana iya sauka daga rautar ya koma kan datar wayarsa.

Na'urori sukan ba da gurbi biyu, na farko da na ko-ta-kwana. Mutane da yawa sukan cika su da lambobin kamfani ɗaya, amma abin da ya faru a ranar 14 ga Yuli, 2025, ya nuna raunin hakan: kuskure a saitin Cloudflare ya sa 1.1.1.1 da 1.0.0.1 suka ɗauke tare na kimanin awa ɗaya a faɗin duniya. Wanda ya sanya lambar wani kamfani a gurbi na biyu bai ji abin sosai ba. Sai dai inda ake son tacewa saboda yara, dole ne gurbin biyu su zama masu tacewa, domin na'ura tana iya tambayar kowanne daga ciki. Akwai kuma ranar da babu ɗan aiken da zai yi amfani, kamar 4 ga Oktoba, 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace na kusan awa shida. A ranar matsalar daga gidan kamfanin take, wato mai unguwar ne da kansa ba ya nan, duk ɗan aiken da aka tura haka zai dawo hannu rabbana.

Haɗarin lambobin da ba a san asalinsu ba

Wannan shi ne ɓangaren da muke roƙon hakimai da dagatai da shugabannin ƙungiyoyin masu gidajen kallo su isar wa jama'a. Wanda ya ba wani damar zama ɗan aikensa ya ba shi amana babba, domin duk inda ya nuna masa can na'urarsa za ta nufa. Ɗan aiken mugunta yana iya bayar da adireshin gaskiya na tashar ƙwallo, amma idan aka tambaye shi adireshin banki sai ya nuna shafin bogi mai kama da na bankin, mutum ya shigar da lambobin sirrinsa da hannunsa. Wannan ba zato ba ne. A watan Nuwamba na 2011 hukumar FBI ta Amurka ta sanar da kama wasu mutane a ƙasar Estoniya waɗanda suka yi amfani da wata cuta mai suna DNSChanger suka sauya ɗan aiken kwamfutoci kimanin miliyan 4 a ƙasashe sama da 100, suna karkatar da su zuwa shafukan da suke so domin samun kuɗin talla.

A garuruwanmu rauta ɗaya takan ɗauki talabijin ɗin gidan kallo, da wayar mai shago da yake tura kuɗi da ita, wani lokaci har da wayar mai POS da ke maƙwabtaka. Lambar da aka shigar domin kallon ƙwallo ta shafi dukansu. Don haka idan waya ko kwamfuta ta yi gargaɗin cewa shafin banki ba shi da ingantacciyar shaida, kada a danna a wuce, a rufe shi nan take. Haka nan a canza kalmar sirrin shiga saitin rauta, domin da yawa suna zuwa ne daga kamfani da kalmar admin, wadda kowane mai gyara ya sani.

Akwai kuma masu sayar da akwatuna ko lambobin DNS da ke buɗe tashoshin biya a kan kuɗi kaɗan. Galibin waɗannan shirye-shiryen sata ne, shi ya sa sukan mutu ba zato, kuma babu inda mai saye zai kai ƙara. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, ta shafi abin da ake watsawa ta intanet, kuma mai gidan kallo da ke nuna wa jama'a irin wannan yana jefa sana'arsa cikin matsala. Bai kamata a manta ba cewa irin wannan sata ce take durƙusar da masu shirya finafinanmu na Hausa.

Ko ɗan aiken kirki ma yana ganin sunan kowane shafi da aka nema, ko da yake ba ya ganin abin da aka karanta ko aka rubuta a ciki. Saboda haka jami'an ƙananan hukumomi, musamman na sassan kuɗi da lafiya da ma'aikata, kada su sauya saitin rautar ofis bisa ra'ayin kansu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa ofisoshi nauyin tsare bayanan da ke hannunsu, sannan wasu manhajojin aiki na cikin gida ba sa buɗewa sai ta ɗan aiken da masu kula da su suka saita. A tuntuɓi jami'in kula da na'urori tukuna.

Yadda ake canzawa da gwadawa

Kafin a taɓa komai, a rubuta saitin da aka tarar a takarda domin a iya komawa gare shi. Wuri mafi sauƙi shi ne rauta, saboda canji ɗaya zai wadatar da dukan na'urorin gida. Ana shiga saitinta ta hanyar rubuta adireshin da ke manne a bayanta, wanda yawanci yakan zama 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, sai a nemi gurbin DNS. Wasu ƙananan rautoci na aljihu ba su da wannan gurbi, a nan sai a yi canjin a cikin saitin intanet na talabijin ɗin kanta. A wayoyin Android kuwa, tun daga fitowa ta 9 a 2018, akwai wurin da aka rubuta Private DNS, inda ake sanya suna maimakon lamba, kamar dns.google ko dns.quad9.net ko one.one.one.one. Wannan hanya tana da ƙarin fa'ida, domin tana lulluɓe tambayar yadda wani a kan hanya ba zai iya karantawa ko sauya ta ba. Illarta ita ce wani lokaci takan hana shafin shiga Wi-Fi na otal ko na makaranta buɗewa, sai an kashe ta na ɗan lokaci.

Bayan an canza, a kashe rautar da talabijin a sake kunnawa. Gwajin da za a dogara da shi shi ne wanda aka yi a lokacin da aka saba kallo, wato da daddare, a tasha ɗaya, na kwana uku ko huɗu, ba tare da an canza wani abu daban ba. Wanda ya gwada da hantsi lokacin da kowa ke gona ko kasuwa zai ga hoto yana gudu, ya yaba wa DNS, alhali cunkoso ne ya ragu. A lura da tsawon lokacin da shiri ke ɗauka kafin ya fara, da yawan tsayawarsa a cikin rabin awa. Idan ba a ga bambanci ba, a koma kan na kamfanin layi. Wani lokaci rashin bambancin yana faruwa ne saboda wasu na'urori, kamar Chromecast, suna zuwa wurin ɗan aiken Google ko me aka saita a rauta, wasu kamfanonin layi kuma sukan tare tambayar da ba a lulluɓe ba su amsa ta da kansu.

Idan bayan duk wannan hoto bai daina tsayawa ba, kuma maƙwabta masu layi iri ɗaya suna fama da abu guda, to matsalar sabis ce. A kira kamfanin layin a shigar da koke, a karɓi lambar koken a ajiye, tare da rubuta ranaku da lokutan da sabis ɗin ke raunana. Idan kamfanin bai ɗauki mataki ba, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, tana karɓar koken masu amfani da layi a lambar 622, kuma kiran kyauta ne.